Manomin Ƙarfe da Rabin Zangarniya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rataye girgije, ya ɓoye abincin shekara cikin ƙwayar da ba ta kai idon tsuntsu ba, nake buɗe baki. Ku matso ku gyara zama. Ni ba zan gyara ba, don bayan nan nawa ya daina karɓar gyara. Sunana Nomau, mutumin Ƙiryawa, garin da ke yamma da duwatsun Zangur, kuma abin da zan faɗa muku ƙafata ce ta taka shi, ba a kasuwa na tsinto ba.

A shekarar da abin ya faru mu tara muka rage a Ƙiryawa, kuma ni ne yaronsu, da shekarata sittin da biyu. Samari duk sun gangara biranen bakin teku, sun tafi da ƙarfinsu sun bar mana gonaki. Kowace damina abin da muke iya nomewa sai ya ƙara tsukewa. A kakar ƙarshe abin da muka girbe bai cika rumbu ɗaya ba, in ka cire dami goma sha biyu na iri. Irin nan kuwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Kafin a sa wuƙa a gona, maigida zai bi kunya-kunya shi kaɗai, ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi kowace tsawo da cika, ya yanke ta daban, a ɗaure a rataye a ƙololuwar rumbu. Ko biki ake ko makoki, ba a taɓa ta sai ranar shuka.

Wata Juma'a muka taru a ƙofar gidan Baba Dogara, babbanmu, ya faɗi abin da kowa ke haɗiyewa. Ya ce in damina mai zuwa ta sauka ba mu shuka abin da zai riƙe mu ba, sai mu ja ƙofofi, kowa ya bi ɗansa birni, Ƙiryawa ta zama kufai. Ba wanda ya tanka sai matata Hakama, daga bayan zana. Ta ce ita a nan aka binne uwarta, ba za ta je ta mutu a saman bene kamar tantabara ba. Sai wani ya tuno labarin fataken gishiri, wai can gabas akwai Fadamar Ƙarfe, inda ƙarafa ke noma mutane na kwance. Aka ce a je a roƙo ɗaya. Aka duba wanda gwiwarsa ke lanƙwasuwa har yanzu, duk idanu suka sauka a kaina. Kai, ƙuruciya ba ta taɓa cutar da ni irin ranar ba.

Ran da zan tashi Hakama ta ce, "Malam, wata nawa?"

Na ce, "Uku."

Ta ce, "Huɗu zan auna mana hatsi. Na san tafiyarka, kowa ka gani sai ka tsaya yi masa gardama. Don Allah ka riƙe bakin nan naka."

Ta zaro zangarniya ɗaya daga damin iri, ta naɗe a tsumma ta sa mini a jakar fata. Haka muke yi wa matafiyi, don in ya mutu a hanya, wanda ya binne shi ya shuka ta a kansa, a san daga inda ya fito. Na saɓa garmata na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da ya gajiyar da ni ba. Na ratsa tsakanin duwatsun Zangur. Na ƙetare kogin Sarmi, mai gudu gabas da safe ya juyo yamma da la'asar, wanda sau biyu yana mayar da ni gaɓar da na baro kafin na gane lokacinsa. Takalmina ya ƙare, na sa na biyu, shi ma ya buɗe baki. A kwana na arba'in na hau wani tudu, sai ga fadama kore shar har inda ido ya gaza, a tsakiyar rani, ruwa na bin bututu a ƙarƙashin ƙasa. Cikinta ƙarafa na kai da kawo, wasu masu ƙafa shida, wasu masu taya, kowane da baƙin faranti a gadon baya da yake shan rana da shi. Sama kuma wasu tsuntsayen ƙarfe na shawagi suna feshi. Ko mutum ɗaya ban gani ba.

A gindin tudun akwai wata bukka, da wata tsohuwa ramammiya tana tsinkar tafasa. Na gaishe ta, ta ba ni ruwa, ta ce sunanta Tasallah. Na tambayi sana'arta, ta yi dariyar da ba daɗi.

"Kala nake yi, ɗan nan. Ita uwata ta yi, ita kakata ta yi: in an girbe mu bi baya mu tsinci abin da ya zube. To waɗannan ba sa zubar da ko ƙwaya. Shekara talatin ina zaune bakin gona mafi girma a duniya, da tafasa nake kwana."

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce birnin masu gonar, Birnin Hutu, yana tsakiyar fadamar, tafiyar yini guda.

"Amma ka kula da ƙarfen nan mai cirar ciyawa," in ji ta. "Ba ya barci, dare da rana yana yawo. Duk abin da ya fi gero tsawo, ciyawa ce a wurinsa, sare shi yake. Mai shuka kuwa ba ya cuta, wawa ne kawai. Kunya yake bi, inda ta tsaya ya tsaya. Bara wani gyado ya yi tono daga bakin gona zuwa bayan bukkar nan, ƙarfen ya biyo tonon ya shuka mini gero har bakin murhu. Shi ne tuwon da na ci a shekarar."

Na ce, "Haba Inna, ina ni ina fin gero tsawo? A garinmu mahayin raƙumi ma ɓacewa yake cikin gona."

Ta ce, "Je ka gani. Bar mini garmar nan, ba za ka iya da ita ba."

Na gangara, na isa bakin gona, na tsaya turus. Geron ya fitar da kai, ya nuna, amma iyakarsa gwiwata. Zangarniyar kuwa kamar ɗan yatsa. Ina cikin kallo na ji ƙarar wuƙaƙe, na waiga, ga mai cirar ciyawa ya nufo ni da idonsa na gilashi. Na faɗi rub da ciki cikin kwarin kunya, wuƙar ta wuce ta tafi da saman hulata. Jama'a, tafiyar yini guda, kwana uku na yi ta da jan ciki. Ni Nomau, mai jikoki goma sha ɗaya, ina jan ƙirji a ƙasa kamar ƙadangare, ina sallah a kwance. Da na isa ƙofar birni na yi yunƙurin miƙewa, bayana ya ce bai san wannan magana ba.

Mutanen Birnin Hutu suna da kirki, ba zan yi musu ƙarya ba. Tafin hannunsu laushi kamar na jariri, don tun kakanninsu ba wanda ya riƙe fartanya. Abinci a amalanken ƙarfe yake zuwa ƙofar kowa. Amma na lura kwanukansu manya ne, tuwon da ke ciki kaɗan. Aka kai ni wurin Ma'ajin Rumbu, wani mai ƙiba mai suna Cindo, wanda damuwa ta zauna masa a goshi. Na faɗi gaisuwa, na faɗi buƙatata.

Ya ce, "Baba, ka zo roƙo gidan da ake shirin roƙo. Kowace shekara amfani raguwa yake. Ruwa yana nan, taki yana nan, ƙarafan ba su taɓa fashin aiki ba. Mun rasa abin da muka yi wa ƙasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke zaɓa muku iri?"

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce in zo in gani. Ya kai ni wani gida mai girman kasuwa, inda hatsi ke tafiya a kan wata doguwar tabarmar ƙarfe mai jan kanta. A tsakiya akwai ido da ma'auni. Duk tsabar da ta cika ta yi nauyi sai a tura ta dama, wadda ta motse a tura ta hagu. Ya nuna mini rubutu a bango, umarnin da kakanninsu suka ba ƙarafan shekara sittin da suka wuce, kafin masu iya magana da su su ƙare: mafi kyau a kai wa mutane, abin da ya rage a mayar wa ƙasa.

"Ka gani?" in ji Cindo, da ɗan alfahari. "Ba sa ba mu sai zaɓaɓɓe."

Na ce, "Na hagun fa?"

"Shi ake shukawa."

Wallahi zama na yi a ƙasa. Na yi dariya har hawaye, daga baya na ji dariyar ta koma wani abu mai ɗaci. Shekara sittin suna cinye iyaye suna shuka ragowa, kuma ƙarafan ba su yi laifin komai ba, abin da aka ce musu suke yi, cikin ladabi. Da na tsaya nan da na tsira. Amma bakin nan da Hakama ta gargaɗe ni a kansa ya ce sai ya nuna musu gero. Na kwance tsumma na ɗaga zangarniyarmu, mai tsawon kamu guda, cike dam. Wata mata ta tambaya ko itace ne.

Cindo ya roƙe ni ita har da hawaye. Na karya ta biyu na ba shi rabi, don ba a hana mai neman iri. Sa'an nan ya ce tunda ba mai iya canza umarnin, sai dai mutum ya riga ƙarfe mai girbi shiga gona ya zaɓo masu dama-dama, kuma duk birnin ba wanda ya san mai kyau daga marar kyau. In na yi musu girbi ɗaya, zai ba ni mai shuka in tafi da shi. Na yarda. Aka ba ni wata riga mai alamar da ke hana mai cirar ciyawa taɓa mutum, aka naɗa ni Sarkin Iri, aka ba ni ɗaki mai katifa da wani ƙarfe mai tsaron ƙofa.

Girbi ɗaya ya zama biyu, don su kowane wata akwai yankin da ya nuna. Biyu ya zama huɗu. Kullum na tayar da maganar tafiya sai Cindo ya ce, "Baba, saura kaɗan." Na ce to ba zan ƙara shiga gona ba sai da shi. Haka na riƙa jan sa cikin rana yana haki, ina sa shi ya murza zangarniya a tafin hannu, ya ciji ƙwaya, ya duba kara. Ya yi kuka, ya yi kanta, ya rame, amma ya koya. Ranar da ya zaɓo goma ban mayar da ko ɗaya ba, na ce na gama.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dattawan birni sun ce ba a sakin Sarkin Iri. Ka yafe mini."

Aka karɓe rigar, aka ce daga yau sai da rakiya. A ranar na ga hadari na farko ya leƙo daga gabas ya koma. Wata huɗun Hakama sun cika tuni sun wuce. Ina kan katifa, abinci na zuwa ƙofa, amma ban taɓa jin gajiya irin ta lokacin ba, don duk lomar da na kai baki sai in ga mutum takwas suna kallon rumbu.

Washegari da hantsi na ce wa mai tsaron ƙofa zan duba gidan tace hatsi, ya raka ni, don aikina ne. Na san duk abin da aka tura hagu a ranar gonakin yamma za a kai shi. Na rungume jakata, na yi bisimilla, na haye tabarmar ƙarfe na kwanta cikin hatsi. Mai tsaron ya tsaya, don ba a ce masa ya tsare hatsi ba. Tabarma ta kai ni ƙarƙashin idon. Ya haska ni daga kai zuwa ƙafa, ya auna, bai ko yi dogon tunani ba ya tura ni hagu. Na ji haushi, kun sani? Ina so in tsira, amma da ya ɗan yi shakka.

Amalanke ya kwashe ni da ragowar gero, ya kai mu bakin iyaka ta yamma, ya juye cikin tumbin wani mai shuka. Na fito ina tofar da ƙaiƙayi, sai ga bukkar Tasallah. Ta dube ni ta ce, "Au, kai ma shuka ka za a yi?"

Na ce, "Inna, miƙo garmata. Yau ni ne gyado."

Na je ƙarshen kunyar da ƙarfen ke bi, na kafa garma, na ja wata sabuwa ta fita daga gona ta nufi yamma. Ya iso, ya tsaya, ya sunkuyar da ido. Sai ya biyo. Alkawari aka yi mini, ban ɗauki abin da ba nawa ba.

To, a nan ne aikin yake. Ba ya taka inda ba kunya. Na ɗaura igiya a ƙugu ina jan garma kamar san noma, shi kuma yana bayana a hankali, yana sara rami, yana jefa ƙwaya, yana rufewa, binne cikin busasshiyar ƙasa. In na tsaya ya tsaya, in na faɗi ya jira, bai taɓa ce mini sannu ba. Na tafi neman wanda zai hutar da bayana, ga ni ina yi masa noma daga wata ƙasa zuwa wata. Kogin Sarmi ya ƙafe, na ja kunya ta cikinsa. Tsakanin duwatsun Zangur na kwashe kwana shida ina kewaya fako. Igiya ta ci ƙuguna har ta daina yi mini zafi. Abu ɗaya ke tayar da ni kowace safiya: dami goma sha biyu na rataye a rumbu, ga hannun da zai shuka su cikin yini guda.

A kwana na arba'in, daidai bishiyar ƙiryar da ke bakin gonata, tumbinsa ya ƙare, ya tsaya cak. Iska na kaɗawa da ƙanshin ruwa. Na shiga gari ina jan ƙafa, na ƙirga mutane, takwas cif, sai dai kowa ya zama rabin kansa. Hakama ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Hakama, a sauko da iri. Yau za a shuka garin nan kaf."

Ta ci gaba da kallon ƙasa.

Na ce, "Ba ki ji ba ne?"

Ta ce, "Malam, wata huɗu na auna, ka yi bakwai. Mun ci dusa, mun ci ganye. Ran da Baba Dogara ya kasa ɗaga kai, na hau rumbu da kaina. Ni na sauko da shi, ni na daka, dami ɗaya bayan ɗaya. In za ka yi faɗa, da ni za ka yi."

Na buɗe baki, wannan bakin da bai taɓa rasa magana ba, na rufe. Na bar katifa na zo in yi wa mai yunwa faɗa? Na zauna a kan turmi, na ji duk tafiyar ta sauko mini a kafaɗa lokaci guda. Can na tuna da jakata. Na kwance tsumma, ga rabin zangarniya.

Hakama ta ce, "Ina rabin?"

Na ce, "Bakina ya ci."

Ta murje ta a faifai, ƙwaya ba ta cika tafi biyu ba. Muka fita mu tara, na ja kunya goma gajeru, na zuba ƙwayar cikin tumbin da ke ɗaukar buhu ashirin. Ƙarfen ya motsa. Kafin in gama shan ruwan da ke hannuna ya shuke ta, ya tsaya. Abin da da diddigena zan shuka kafin hantsi. Baba Dogara ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "To, ai ya iya." Da la'asar ruwa ya sauko.

Bayan kwana biyar Hakama ta fita neman ganye, sai ta dawo da gudu, irin gudun tsofaffi, tana kirana. Na bi ta zuwa gindin ƙirya. Daga nan, layi ɗaya siriri, kore, ya miƙe gabas har ya shige tsakanin duwatsu. Binnen da wawan nan ya yi a bayana ne ya tsiro, tafiyar kwana arba'in.

Da tafasa da lalo muka kai kaka. Gajeren geron nan ya riga kowa nuna. Muka bi shi da jaki muna yanka, tafiyar kwana huɗu, ya cika mana rumbu biyu, sauran muka bar wa mutanen hanya. Fatake sun ce sun ga wata tsohuwa a can ƙarshen layin tana girbi tana zagin ƙarfe tana dariya. Tuwonsa ba daɗi, ba auki, amma ba wanda ya ja ƙofarsa a Ƙiryawa.

Kunya goman nan kuwa suka yi geron da mahayin raƙumi zai ɓace a ciki. Na shiga ni kaɗai da wuƙa, ina dafe da ƙugu, na yanke shi duka, dami biyu da rabi. Ƙarfen na tsaye a gindin ƙirya, kaji na kwana a kansa, yana jiran damina. Baɗi zai sami aikin yini, wata shekara na mako. Na kawo damin gida, na zaro zangarniya ɗaya ina juya ta, na murza 'yan ƙwayoyi a tafi don in ji ɗanɗanon gida. Kafin su kai bakina Hakama ta buge mini hannu, ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa.

Ta ce, "Naka yana tukunya. Hau ka rataye."

Na dubi tsanin rumbu, na dubi gwiwata, na hau.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta kuma bayana yana tuna mini kowace asuba. Wanda zai tashi a cikinku ya miƙo mini hannu.